Annabi Ezekiyel a Babila: me ya sa ya tsananta wa mutanen da aka riga aka karya?

Ladi: Salama gare ku 'yan'uwa. Tunda karatunmu na Ezekiyel ya kai babi na 24, bari in faɗi abin da ke cina. Mutanen da yake yi wa wa'azi an riga an kwashe su daga ƙasarsu, an raba su da gidaje da gonaki da kaburburan iyaye, suna zaune a Babila ba su san ranar komawa ba. Maimakon ya lallashe su, babi bayan babi yana faɗa musu Urushalima ma za ta faɗi, waɗanda suka rage can takobi da yunwa da annoba za su cinye su. Wanda ya faɗi ƙasa ai ɗaga shi ake yi. Ina ta'aziyyar take?

Talatu: Yaya Ladi kin riga ni. Ni tun babi na 5 na fara jin nauyi.

Malam Bulus: 'Yar'uwa, sai mun fara sanin abin da mutanen suke tsammani a lokacin. Kwasar farko da ta haɗa da Ezekiyel an yi ta ne a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Nebukadnezzar ya zo, sarki Yehoyakin ya miƙa wuya, aka tafi da shi da uwarsa da fadawa da jarumawa da masassaƙa da maƙera. Sarakuna na Biyu babi na 24 ya ce mutum dubu goma. Amma ba a rushe birnin ba, Haikali yana tsaye, an naɗa Zadakiya a kan gadon sarauta. To a ganin waɗanda aka kwashe, wannan tafiya ce ta ɗan lokaci. Muddin Haikali yana nan, Allah yana nan, birnin ba zai faɗi ba, su kuma gobe ko jibi za su koma. Akwai ma masu hura musu kunne. A Urushalima wani annabi Hananiya ya tsaya a gaban jama'a ya ce cikin shekara biyu za a dawo da sarki da kayan Haikali, har ya karya karkiyar da Irmiya ya rataya a wuya. A Babila ma akwai irinsa, Irmiya 29 ya ambaci biyu, Ahab da wani Zadakiya, waɗanda ya ce sarkin Babila zai gasa a wuta. A cikin wannan yanayin aka kira Ezekiyel, a shekara ta biyar ta zaman talala, wato 593, a bakin kogin Kebar a Babila. Masu ta'aziyya sun yi yawa, kuma ta'aziyyar tasu ce take shirin jefa mutane cikin tawayen da zai ƙarasa su.

Baba Ishaya: Haka ne. 'Yata Ladi, kin taɓa ganin maɗori ya samu ƙashin da ya kama a karkace? Sai ya sake karya shi kafin ya ɗaure. Mai ciwo zai zage shi a ranar. Begen da suke riƙe da shi a karkace ya kama, shi ya sa a babi na 13 ya ce annabawan nan suna shafa farar ƙasa a bangon da ba shi da ƙwari, suna cewa lafiya alhali babu lafiya.

Ladi: Baba na ji, amma maɗori yakan ce wa mutum sannu.

Fasto Yohanna: Ya ce sannu, sai dai a gajarce, kuma mun wuce ta da sauri. Ki koma babi na 11. Mutanen da suka rage a Urushalima suna cewa waɗancan da aka kwashe sun yi nisa da Ubangiji, ƙasa yanzu tamu ce. Ki duba zafin wannan: an kore ka, sannan ɗan'uwanka ya zauna a gonarka yana cewa Allah ne ya ware ka. Amsar da aka ba Ezekiyel ita ce, ko da na warwatsa su cikin ƙasashe, ni da kaina na zama musu wuri mai tsarki a inda suke. Ga mutanen da suka tashi da sanin cewa ɗakin Allah guda ɗaya ne, a Urushalima, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wahayin babi na farko ma abin da yake nunawa ke nan. Kursiyin da ya gani yana da ƙafafu irin na karusa, ƙafa cikin ƙafa, suna tafiya kowace fuska ba tare da sun juya ba. Kuma ina ya gan shi? A bakin magudanar ruwan ban-ruwa a ƙasar maƙiyi. Shi kansa ɗan firist ne, ɗan Buzi. Shekara ta talatin da ya ambata a ayar farko, masana da yawa suna ɗauka shekarunsa ne, kuma a Littafin Ƙidaya babi na 4 daga talatin ake fara hidima. Shekarar da ya kamata ya shiga aikin da aka haife shi dominsa, a shekarar ya samu kansa cikin 'yan talala a Tel-abib, inda suke zaune a bakin Kebar. Ba daga nesa yake jifansu da magana ba, kwana bakwai ya yi zaune a cikinsu baki a rufe kafin ya ce uffan.

Danjuma: Fasto ranka ya daɗe, ni matsalata ba zafin maganarsa ba ce. Babi na 18 ne. Mutane suna karin magana, iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Shi ya hana su faɗa, ya ce wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Magana mai daɗi. Amma ai gaskiya mutanen suka faɗa. Wa ya yi wa Babila tawaye? Sarki Yehoyakim. Ya mutu ya bar ɗansa Yehoyakin, yaro ɗan shekara 18, wata uku kacal ya yi a sarauta, shi aka kama, kuma sai a shekara ta 37 ta zamansa can aka fito da shi daga kurkuku. In wannan ba mutuwar haƙori ba ce, mece ce? Balle jariran da aka haifa a bakin Kebar.

Talatu: Kai Danjuma, kullum sai ka tono inda ake takawa a hankali.

Danjuma: Ai don haka aka buɗe zauren. Ƙari ma, Makoki 5:7 ya ce kakanninmu sun yi zunubi sun shuɗe, mu muke ɗauke da laifinsu. Fitowa 20 ya ce har tsara ta uku da ta huɗu. Shi Ezekiyel ɗin da kansa a babi na 21 ya ce takobi zai datse adali da mugu. Wanne za mu kama?

Malam Bulus: Tambaya ce ta gaske, ba ta ɗan tsokana ba. Ga yadda nake gani. Bai musanta cewa abin da uba ya shuka yana iya tsirowa a gonar ɗa ba, ai yana cikin waɗanda abin ya shafa, ba shi ya yi tawaye ba. Abin da yake yaƙa shi ne amfanin da suke yi da karin maganar. Sun mai da ita wurin fakewa. In laifin na iyaye ne gaba ɗaya, to babu abin da ya rage mini, ba tuba, ba gyara, sai zama ana ƙirga laifin matattu. Ka lura da abubuwan da ya lissafa a babin: mayar wa matalauci jinginarsa, kada a ba da bashi da ruwa, a ciyar da mayunwaci, a tufatar da mai tsiraici, a yi shari'ar gaskiya tsakanin mutum da mutum, a bar matar maƙwabci. Babu ɗaya a ciki da yake buƙatar Haikali ko ƙasar Yahuza. Duk abubuwa ne da ɗan talala zai iya yi a Tel-abib gobe da safe. Sannan ya kawo tsara uku, kaka adali, ɗa mugu, jika adali, don ya nuna sarƙar tana iya tsinkewa ta kowane ɓangare. Ya rufe da cewa Allah ba ya jin daɗin mutuwar kowa, ku juyo ku rayu.

Danjuma: Wato ya canja tambayar ne, bai amsa ta ba.

Malam Bulus: In kana so ka ce haka, ban ƙi ba. Sun tambayi wa ya jawo mana, shi ya tambaye su me za ku yi yanzu.

Fasto Yohanna: Ni ban yarda cewa kauce wa tambaya ya yi ba. Wahalar duniya daban, hukuncin rai a gaban Allah daban. Takobin Babila ba ya tantancewa, Allah yana tantancewa.

Danjuma: Fasto, a babi na 18 ban ga inda ya ce maganar lahira yake ba. Mu ne muke sa masa wannan.

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Ni baƙo ne a nan, maƙwabcina Istifanus ya sa ni, ina karantawa ban taɓa magana ba. Wannan batun ne ya jawo ni. A wurinmu ƙa'idar a bayyane take, Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama, ciki har da An'am da Isra'i da Faɗir, cewa babu rai mai ɗaukar nauyin wani rai. Amma a Suratul Anfal an yi gargaɗi game da fitinar da ba za ta tsaya kan azzalumai kaɗai ba. Malamai ba su ɗauki wannan a matsayin karo ba, kusan yadda Fasto ya raba suka raba. Game da annabin kuwa, sunansa bai zo a Alƙur'ani ba, amma a littattafan tafsiri ana kiransa Hizƙilu. A aya ta 243 ta Baƙara, labarin dubban da suka fita daga gidajensu don tsoron mutuwa, Allah ya ce musu ku mutu sannan ya raya su, wasu masu tafsiri sun ce a zamaninsa ne. Wasu kuma suna cewa shi ne Zulkifli da aka ambata a Anbiya da Sad, amma akwai saɓani, ba a yanke ba. Sarkin da kuke kira Nebukadnezzar mu Bukhtanasar muka san shi.

Baba Ishaya: Maraba Malam, zaure naka ne. Mun ƙaru.

Malam Bulus: Malam Habibu na gode. A Iraƙi ma akwai garin Kifl, tsakanin Hilla da Najaf, inda kabarin da ake jingina masa yake. Yahudawan Iraƙi sun yi ɗaruruwan shekaru suna ziyartarsa a matsayin na Ezekiyel, har suka bar ƙasar a farkon shekarun 1950, Musulmi kuma suna ziyartarsa da sunan Zulkifli.

Mama Saratu: Ku maza kun tafi tarihi kun bar abin da ya fi ci mini rai. Matarsa. An ce masa za a ɗauke abin da idonsa ya fi so, kada ya yi kuka, kada ya zubar da hawaye, ya naɗa rawaninsa, ya sa takalmi, kada ya ci abincin makoki. Da safe ya yi wa mutane magana, da yamma ta rasu, kashegari ya fito kamar ba abin da ya faru. Ko sunanta ba a faɗa mana ba. Baiwar Allah nan me ta yi da za ta zama allon wa'azi? Kwanciya a gefe ɗaya kwana 390 da wani 40, wannan jikinsa ne. Aske kai da takobi gashinsa ne. Abincin da aka auna masa, alkama da sha'ir da wake da gero a cuɗe, a gasa da kashin shanu, cikinsa ne. A wannan ma ya yi gardama, da aka ce kashin mutum ya ce bai taɓa ƙazantar da kansa ba, aka sassauta masa. Amma kan matarsa ban ga ya buɗe baki ba. Wannan ya tsaya mini a wuya.

Ladi: Mama Allah ya saka. Abin da na kasa faɗa ke nan.

Fasto Yohanna: Mama, ba ni da amsar da za ta share wannan. Abin da nassin ya bayar shi ne dalilin alamar. A ranar da aka fara yi wa Urushalima ƙawanya aka ce ya rubuta kwanan watan, rana ta goma ga wata na goma a shekara ta tara ta zaman talala. Sannan aka ce wa mutanen, Haikalin da idanunku suke so zai ƙazantu, 'ya'yanku maza da mata da kuka bari a can za su faɗi da takobi. Ki ji wannan, ashe wasunsu sun baro 'ya'ya a birnin. Rashin zai yi girman da babu wanda zai je wa wani gaisuwa, domin kowane gida gidan makoki ne. Ba a hana shi baƙin ciki ba, an ce ya yi nishi a ɓoye. Amma me ya sa sai ita, wannan ban isa in ce na sani ba.

Mama Saratu: To gara da ka faɗi haka. Na fi son wannan da a ce mini kawai nufin Allah ne a wuce. Kuma ina da roƙo ga masu wa'azi. A shekarun da rikici ya koro mutane daga garuruwansu, na zauna da matan da suka gudo, wasu ba su san inda mazansu suke ba. Wani mai wa'azi ya zo ya buɗe Ezekiyel ya ce zunubinku ne ya kore ku. Wata tsohuwa ta tashi ta fita, ba ta sake zuwa sujada ba. Ezekiyel an aike shi ga mutanensa a zamaninsa, kuma yana cikinsu yana shan abin da suke sha. Wanda ya zo da mota zai koma ya kwana a gidansa ba shi da wannan bakin.

Fasto Yohanna: Gaskiya ne. Yesu da kansa ya hana wannan lissafin a Luka 13, kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran zunubi ba.

Istifanus: Tambaya a gefe. Shin a sarƙa suke zaune a can ko yaya?

Malam Bulus: A'a. Ezekiyel yana da gida, dattawa suna zuwa su zauna a gabansa, babi na 8 da 14 da 20. Wasiƙar Irmiya ta ce su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin. An tono allunan yumɓu a Babila da suka lissafa rabon mai da ake ba Yehoyakin sarkin Yahuza da 'ya'yansa biyar, an wallafa su a 1939, suna Balin ta Jamus. Akwai wasu allunan daga wani gari da ake kira Al-Yahudu, garin Yahuza ke nan, mafi tsufa na shekara ta 572, suna nuna Yahudawa suna noma, suna biyan haraji, suna karɓar bashi, suna sa wa 'ya'yansu sunaye masu ɗauke da sunan Allahnsu. Hatsarin da ke gabansu shi ne narkewa cikin jama'ar Babila, kamar yadda mutanen masarautar arewa suka ɓace bayan Assuriya ta kwashe su a 722. A babi na 20 ma an ambaci masu cewa bari mu zama kamar sauran al'ummai.

Danjuma: Tunda an shiga tarihi, birnin Taya na tsibiri fa? Babi na 26 ya ce Nebukadnezzar zai rushe ta, a share ƙasarta ta zama dutsen shanya taru. Shekara 13 ya yi yana ƙawanya, in ji Yusifus mai tarihi, bai ci tsibirin da yaƙi ba.

Fasto Yohanna: Annabcin ya ce al'ummai da yawa za su taso mata kamar raƙuman ruwa. Iskandari Mai Girma ya zo a 332, ya kwashe ɓaraguzan tsohon garin ya zuba a teku ya yi hanya har tsibirin.

Malam Bulus: Fasto, ana faɗar haka, amma ni abin da ya fi burge ni yana babi na 29. A shekara ta 27 ta zaman talala, wajen 571, kwanan wata mafi ƙarshe a littafin, annabin da kansa ya ce rundunar Babila ta yi aiki a Taya har kawuna suka yi sanƙo, kafaɗu suka goge, ba su samu lada ba. Bai goge babi na 26 ba, waɗanda suka adana littafin ma ba su goge ba. Sun bar biyun kusa da juna, mai karatu ya gani.

Danjuma: Wannan amsar ta fi shiga ta.

Baba Ishaya: Ku bar Taya ku koma ga 'yata, tun ɗazu take jira. Ladi, ki ƙara haƙuri zuwa babi na 33. A nan wani da ya tsira ya iso ya ce an ci birnin, abin da ya faru a 586 lokacin da aka ƙone Haikali. Ranar da kowa zai sa ran ya ce ai na faɗa muku, daga ranar muryarsa ta juya. Ya juya kan makiyayan da suke shan nono suna sa ulu suna yanka masu ƙiba ba su ɗaure wadda ta karye ba. Ya yi alkawarin cire zuciyar dutse. Kwarin busassun ƙasusuwan da yara suke waƙarsa a makarantar Lahadi, ki duba aya ta 11 ta babi na 37, masu rai ne suke cewa ƙasusuwanmu sun bushe, begenmu ya ƙare. Lokacin da suke da bege na ƙarya ya ƙi ba su ta'aziyya, da suka rasa kowane irin bege sai ya kawo ta. Da ya fara da ita tun 593, da an jera shi da Hananiya, kuma da birnin ya faɗi babu mai sake sauraronsa.

Ladi: Na gane jerin, Baba. Zan karanta. Amma kan matarsa ina tare da Mama.

Talatu: Ni na leƙa gaba, daga babi na 40 awo ne kawai, kamu kaza, ƙofa kaza, har barci ya ɗauke ni. Dole ne mu bi shi aya-aya?

Malam Bulus: Firist ne, ba zai bar kamu ɗaya ba. Malaman Yahudawa ma sun sha wuya da wannan sashen, domin wasu dokokinsa ba su zo daidai da na Attaura ba. A Talmud, littafin koyarwarsu, an ce saura kaɗan a janye littafin, sai wani malami Hananiya ɗan Hezekiya ya shige ɗakin bene da tulun mai 300 na fitila har ya daidaita su. Amma kada ki tsallake babi na 47. Ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin bakin ƙofar Haikali, a kamu dubu na farko idon sawu, sai gwiwa, sai ƙugu, sai ya fi ƙarfin tsallakawa, ya gangara Tekun Gishiri har masunta su shanya taru a En-gedi. A ƙarshen babin kuma ya ce baƙin da suke zaune a cikinku suka haifi 'ya'ya, a ba su gādon ƙasa daidai da haifaffen gida, a cikin kabilar da suke zaune.

Danjuma: Tsaya Malam. Gādon ƙasa fa ka ce, ba izinin zama ba? Wace aya?

Malam Bulus: 22 da 23.

Danjuma: To wannan ai ya taɓo rigimar ɗan ƙasa da baƙo. Ban taɓa jin an yi wa'azi a kanta ba, ko sau ɗaya. Fasto, kai ka taɓa?

Fasto Yohanna: Ban taɓa ba. Ku karanta 25 zuwa 33 kafin Asabar, in mun kai 47 ni zan buɗe batun.

Danjuma: Na rubuta, Fasto. Malam Habibu kada ka fita kafin ranar, ina so in ji ta bakinku kan wannan.